Izinin Zarce Ajiya a Banki: Zai Iya Zama Rumbun Tsimin Ƙungiya?

A taron shugabannin ƙungiyoyin gama kai da muka yi a Ɗanzomo bayan an gama yankan gero, ma'ajin wata ƙungiya ya kawo maganar da ta ci mana kusan rabin yini. Ya ce wani ma'aikacin banki ya gaya musu, tun da kuɗin riɗi da na zoɓo suna shiga asusunsu kowace kaka, banki zai iya ba su izini su riƙa cire kuɗi fiye da abin da suka ajiye, har zuwa naira miliyan biyu. In ba su taɓa kuɗin ba, ba za su biya ruwa ba. Sai ma'ajin ya ce, "To, in haka ne, don me za mu ci gaba da wahalar tara kuɗin gaggawa? Mu raba wa 'yan ƙungiya abin da ke akwati su sayi taki. Ran da wani abu ya taso, sai mu tafi banki."

Dattawa suka ce sam, bashi bashi ne ko da wane suna aka kira shi. Samari suka ce dattawa ba su gane zamani ba. Muka tashi ba mu daidaita ba. Mun kuwa yi alkawari za mu bi maganar daki-daki a wannan takarda, domin sauran ƙungiyoyinmu na wajen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su ma su karanta a taronsu, gama abin da aka yi wa ƙungiya ɗaya tayi yau, gobe za a yi wa wata.

MENE NE SHI?

Ma'aikatan banki suna ce masa obadiraf. Mu a nan za mu kira shi izinin zarce ajiya. Ya bambanta da rancen da muka saba. A rance, banki yana zuba muku dukan kuɗin a asusu rana ɗaya, daga ran nan kuwa ruwa ya fara hawa a kan dukan kuɗin, ko kun yi aiki da su ko suna kwance. A izinin zarce ajiya ba a zuba muku ko kwabo. Banki yana rubuta muku takarda ne kawai cewa in ajiyarku ta ƙare, za ku iya ci gaba da cirewa har zuwa iyaka kaza, cikin lokaci kaza. Ana lissafin ruwa kowace rana a kan abin da kuka zarce kaɗai. Duk kuɗin da ya shigo asusun kuma, shi ne zai fara cike ramin. A asusun kasuwanci ake yinsa, watau wanda ake rubuta wa cek, ba a asusun ajiya ba.

Abin ba sabo ba ne. A shekarar 1728 wani banki na birnin Edinbara a ƙasar Sikotilan, mai suna Royal Bank of Scotland, ya yarda wa wani ɗan kasuwa, William Hog, ya riƙa cire har fam 1,000 fiye da abin da yake da shi. Daga can sauran bankunan duniya suka koya. Ku lura da abu biyu. Ɗan kasuwa aka ƙirƙiro wa wannan hanya, mutumin da kuɗi ke shiga hannunsa suna fita kowane mako, ba manomin da ke ganin kuɗi sau ɗaya a shekara ba. Na biyu, tun a wancan zamani bankunan Sikotilan ba su ba da irin wannan izini sai an sami mutanen da suka tsaya wa mai nema. Za mu komo kan wannan.

INDA MA'AJIN YA YI GASKIYA

Bari mu yi lissafi, gama a baki kowa yana da hujja. A ce iyakar izinin ₦2,000,000 ne, a ce kuma ruwan banki kashi 30 cikin 100 ne a shekara. Misali ne muka ɗauka domin sauƙin lissafi. Kowace ƙungiya ta duba abin da aka rubuta a tata takardar.

In ƙungiya ta karɓi rancen ₦2,000,000 ta ajiye domin jiran ranar wahala, a shekara za ta biya ruwan ₦600,000 a kan kuɗin da ba su yi mata aikin kome ba. Wannan wauta ce, ba wanda zai yi. In kuwa izini ne, aka zarce da ₦600,000 kaɗai, aka mayar bayan kwana 60, ruwan zai zama wajen ₦29,600. In an kai kwana 90, wajen ₦44,400.

Yanzu ku gwada da abin da muka sani a ƙauyukanmu. Cikin marka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ga noma na biyu yana jira, mutum yakan karɓi buhu guda a hannun mai hali, ya biya buhu da rabi da kaka. A wani wuri ma ninki ake biya. Buhu da rabi cikin wata uku, watau ƙarin kashi 50 ke nan. A kan kayan ₦600,000, ƙarin ya zama ₦300,000, inda banki zai karɓi ƙasa da ₦50,000. Ko kuma mutum ya kora tumakinsa kasuwar Maigatari ran Alhamis, dillalai sun gani a fuskarsa cewa matsuwa ce ta kawo shi, su saya yadda suka ga dama. Mafi muni duka, a jinginar da gona. Idan aka auna da waɗannan, lalle izinin banki ya fi sauƙi ƙwarai, kada kuwa dattawanmu su yi musun wannan.

Akwai kuma wata hujjar samari da ba za mu raina ba. Kuɗin da ke kwance a akwati ko a asusu suna narkewa kamar gishiri a ruwa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce zuwa watan Disamba 2024 tsadar kaya ta hau da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda, alhali ruwan da banki ke ba mai asusun ajiya a lokacin bai wuce kashi 8 da 'yan kai ba. Wanda ya ajiye kuɗin buhu goma na taki a farkon wannan shekara, da ƙyar ya sayi takwas a ƙarshenta. Saboda haka tambayar ma'ajin ba ta rashin hankali ba ce.

"BA A BIYAN KOME IN BA A TAƁA BA"

Nan ne ya kamata a buɗe kunne. Ruwa dai ba a biya, gaskiya ne. Amma ruwa ba shi kaɗai ne kuɗin da banki ke karɓa ba. Jagorar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a kan kuɗaɗen da bankuna za su iya cirewa, wadda ta fara aiki a Janairu 2020, ta yarda wa banki ya karɓi ladan gudanarwa har kashi 1 cikin 100, ta kuma yarda ya karɓi har kashi 1 a kan kuɗin da ya keɓe wa mutum bai ɗauka ba. A kan miliyan biyu, kashi 1 shi ne ₦20,000. Ban da wannan, akan sami kuɗin binciken sunan mai nema a ofisoshin da ke riƙe da sunayen masu bashi, da kuɗin inshora, da na lauya in an ba da jingina. Izinin kuma ba na har abada ba ne. Yawanci na shekara guda ne ko ƙasa da haka, in ya ƙare sai an sabunta, a sake cike takardu. Jagorar nan ta kuma yarda da tarar kashi 1 kowane wata a kan abin da aka kasa biya bayan lokaci ya cika, a bisa ruwan da ke tafiya.

Ruwan ma ba a daskare yake ba. Yawancin takardun nan suna da layi guda da ke cewa banki zai iya canja ruwa in yanayin kasuwar kuɗi ya canja. A farkon 2022 ma'aunin ruwa na Babban Banki kashi 11.5 ne. Kafin ƙarshen 2024 ya kai 27.5. Bankunan kasuwanci kuwa nasu a sama da wannan yake. Ƙungiyar da ta yi lissafinta da ruwan bara za ta iya tarar da wani dabam ran da ta je cirewa. Ba a ƙasarmu kaɗai ba: a Ingila, da aka canja dokokin wannan izini a 2020, manyan bankuna suka mai da ruwansa kusan kashi 40 a shekara.

To, ₦20,000 ko ₦40,000 a shekara ba zai karya ƙungiyar da ke juya miliyoyi ba. A ɗauke shi kamar ladan mai gadi. Abin tambaya shi ne, ran da ɓarawo ya zo, mai gadin yana nan?

ƘOFAR TANA HANNUN MAI GIDA

Wannan shi ne gindin maganar, muna roƙon masu karanta wa 'yan ƙungiya su tsaya a nan su maimaita. Hatsin da ke rumbunku naku ne. Izinin zarce ajiya alkawari ne, kusan kowace takardar irinsa kuwa tana cewa banki yana da iko ya rage iyakar, ko ya soke izinin, ko ya nemi a biya shi abin da aka zarce a duk sa'ad da ya so. Ba mugunta ba ce. Kuɗin da banki ke bayarwa ajiyar wasu mutane ce, dole ya kiyaye ta. Amma ku yi tunani, yaushe banki zai ji tsoro har ya ja baya? Daidai lokacin da ruwan sama ya ɗauke, ko kasuwa ta mutu, watau daidai ranar da kuka ajiye izinin dominta.

Shekarun nan kaɗan sun koya mana wannan sau da yawa. A watan Agusta 2009 Babban Banki, a ƙarƙashin Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin manyan bankuna biyar rana ɗaya, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Bayan wannan, bankuna suka tsuke hannu, 'yan kasuwa masu yawa da ba su yi laifin kome ba suka rasa rance. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Duk mai kasuwanci da ke dogara ga wannan iyaka ya ga yadda kuɗin da ke shiga asusunsa suka ragu, banki kuwa da yawan shigar kuɗi yake auna ko zai sabunta izini.

Sa'an nan ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Mutane suna da ajiyarsu ta halal a banki, suka kwana a layi, aka ba su 'yan dubbai kaɗan, wasu suka komo hannu wofi. Masu POS suka riƙa sayar da naira da naira. In mai ajiya bai sami nasa ba, ina ga mai izini? A watannin nan, gidan da ke da gero a rumbu shi ne ya ci tuwo da kwanciyar rai.

Bankin kansa ma yana iya mutuwa. Ran 3 ga Yuni 2024 Babban Banki ya janye lasisin bankin Heritage. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta ɗauki nauyin biyan masu ajiya, kowane har zuwa naira miliyan 5, gama a wannan shekara aka ɗaga iyakar daga ₦500,000. Ga ƙananan bankunan maikurofainans iyakar miliyan 2 ce. Amma hukumar ajiya take biya, ba ta biyan alkawari. Wanda ke da izinin da bai taɓa ba, izinin ya tafi tare da bankin. Wanda kuma ya riga ya zarce, bashin bai mutu ba, hukumar za ta bi shi.

Wani ƙaramin abu da akan manta: asusun da aka bari ba a shige da fice a cikinsa, banki yakan ɗauke shi a matsayin mai barci, sai an je da takardu an tashe shi. Ƙungiyar da ke zuba kuɗi a Nuwamba, ba ta sake waiwayar banki sai wata Nuwamba, kada ta ɗauka izininta yana nan yana jiranta.

GAGGAWA IRI BIYU CE

A taron mun ji kowa yana cewa "ranar gaggawa", amma ba abu ɗaya ake nufi ba. Akwai gaggawar jinkiri, akwai gaggawar hasara.

Ga misalin ta fari. Ƙungiya ta tara riɗin 'yan'uwa, ta auna wa ɗan kasuwa daga Kano, ya ce zai biya bayan mako uku. Kafin nan sai ga motar taki ta iso da farashi mai kyau, wanda ba zai jira ba. Ko kuwa san huɗa na ƙungiya ya faɗi ya mutu ana saura kwana goma shuka, kuɗin da 'yan ƙungiya za su biya na hayar garma kuwa sai ƙarshen wata. A nan kuɗin suna nan tafe, an san mai biya, an san ranar. Izinin zarce ajiya domin irin wannan aka yi shi. Gada ce a kan ƙaramin kwari.

Ta biyu ita ce wadda iyayenmu ke ba mu labari. Farin 1973, sa'ad da gero ya bushe a tsaye a duk ƙasar Gumel har cikin Nijar. Cutar da ta murƙushe gyaɗa a 1975, wadda noman gyaɗar ƙasar Kano bai sake komawa yadda yake ba bayanta. Bushiyar da ta kashe shanu a 1983, da farin da ya biyo a 1984. Mu ma da idonmu mun ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jihar Jigawa, gidajen ƙasa suna zubewa, gonaki sun zama tafki. A irin wannan shekara ba jinkiri aka yi ba, amfanin ne babu. In ƙungiya ta zarce da miliyan biyu ta sayi hatsi ta raba, ta yi aikin kirki, amma da me za ta biya? Sai wata kaka, bayan wata goma sha biyu ko fiye. Ruwan shekara a misalinmu ₦600,000 ne, ga tara in lokacin izinin ya cika, ruwan da ba a biya ba kuma ana ɗora shi a kan uwar kuɗi ya shiga haihuwa. Mutanen da suka fito daga yunwa za su shiga sabuwar damina da bashin da ya doshi miliyan uku a wuyansu, ba iri, ba taki.

Saboda haka kafin a rubuta cek na zarcewa, tambaya biyu za a yi a gaban kwamiti: da wane kuɗi za mu biya, kuma wace rana? In amsar ita ce "in Allah ya ba mu damina mai kyau", to, kada a taɓa. Dukanmu muna sa zuciya ga alherin Ubangiji, amma banki ba ya karɓar wannan amsa, mu ma kada mu karɓe ta daga bakin ma'aji.

Rashin lafiya fa? Wannan ya fi wuya, ba ma so mu yi magana kamar marasa tausayi. Mace tana naƙuda, an ce sai an yi mata aiki a babban asibitin Gumel, dare ya yi. Ba wanda zai tsaya lissafin ruwa. Amma ku duba, a daren nan izinin banki ba zai taimaka ba, gama sai masu sa hannu biyu ko uku sun haɗu, sai an buɗe banki. Abin da zai ceci matar shi ne kuɗin da ke akwatin gaggawa a cikin gari. In akwai izini, amfaninsa daga baya ne, a cike akwatin da shi na ɗan lokaci in an san inda biya zai fito.

WA YA SA HANNU?

Mun ce za mu komo kan masu tsayawa. Banki ba ya ba ƙungiya izini don kyaun sunanta. Zai nemi takardar rajista, da takardar shawarar taro, da lambar BVN ta masu sa hannu, sau da yawa kuma zai nemi shugaba da magatakarda da ma'aji su tsaya da kansu. Ma'anar wannan ita ce, in ƙungiya ta kasa, su za a bi, har kayan gidansu. Mun san dattawan da suka sa hannu a irin wannan takarda suna tsammani shaidar halartar taro ce.

Ƙungiyoyin da ba su yi rajista ba, waɗanda suka buɗe asusu da sunan ma'aji, hatsarinsu ya fi. Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin Babban Banki da ake kira GSI, wanda ya ba banki iko, in mutum ya ci bashi ya kasa biya, ya kwashe daga duk wani asusun mutumin a sauran bankuna, ta hanyar lambar BVN. Watau kuɗin makarantar 'ya'yan ma'aji da ya ajiye a wani banki dabam za su iya tafiya a kan bashin ƙungiya. Haka kuma in 'yan'uwa suna zuba adashinsu a asusun da aka zarce, kuɗin ba za su tsaya ba, ramin zai haɗiye su tun kafin a ƙirga.

Akwai kuma jarabar da ba ma son faɗa a fili. Kuɗin da aka tara da gumi, naira ɗari biyar biyar kowace Lahadi bayan sujada, kowa yana sa musu ido. Kuɗin da ba a gani, waɗanda sa hannu kawai ke fito da su, ba su da mai gadi. Yau a ce rufin ɗakin sujada yana yoyo, gaggawa ce. Gobe taron mata na gunduma, ba kuɗin mota, gaggawa ce. Jibi wani babba yana aurar da 'ya, a ba shi aro zuwa kaka, wa zai iya hana shi? Kafin shekara ta zagayo an kai iyaka, izinin da aka ce ba za a taɓa ba ya zama bashin dindindin, ran da gaggawar gaske ta zo kuwa ba sauran kome. Mun ga ƙungiyar da irin wannan ya raba, har wasu suka daina gaisawa a ƙofar ekklesiya. Bashin ya fi sauƙin gyara a kan zumuncin da ya ɓaci.

Kada mu manta kuma, a ƙungiyoyinmu da yawa akwai maƙwabtanmu Musulmi da muke saye da sayarwa tare, waɗanda addininsu ya hana su ci ko ba da ruwa. Ba daidai ba ne kwamiti ya sa kuɗinsu cikin wannan sha'ani ba da saninsu ba. Tun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki akwai bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, suna da nasu hanyoyin, kamar su sayi kaya su sayar wa mutum da ribar da aka yanka tun farko. Cikinmu Kirista ma akwai masu damuwa da wannan. Su karanta Nehemiya sura 5, inda mutane suka jinginar da gonakinsu da gidajensu don su sami hatsi lokacin yunwa, su ga yadda abin ya ƙare da abin da Nehemiya ya yi wa masu ba da bashin.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Ga ƙungiyar da ta kawo tambaya, amsarmu ita ce: ku karɓi izinin in kuna so, amma kada ku raba akwatin. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Izinin ya zama katanga ta uku, ba ta fari ba.

Katanga ta fari hatsi ne. Kowane ɗan ƙungiya ya kawo damin gero ko 'yan tiyoyi da kaka, a zuba a rumbun ƙungiya ko a buhunan nan masu leda biyu a ciki da ke hana ƙwari, ba za a buɗe ba sai marka. Yusufu ma a Masar hatsi ya tara, kashi ɗaya cikin biyar na shekarun ƙoshi, ba takardar alkawari ba. Sai dai a gane, domin ci ake ajiye wannan, ba domin riba ba. Waɗanda suka ɓoye hatsi suna jiran tsada sun ji jiki a 2025 sa'ad da farashi ya faɗi. Wanda ya ajiye domin tuwon yara bai yi hasarar kome ba, tiya tana nan tiya.

Ta biyu kuɗi ne a hannu, ko da kaɗan. A nan matan Nijar sun riga mu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari a yankin Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara, inda mata ke haɗuwa kowane mako suna zubi a akwati, suna ranta wa juna. Tsarin ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka, a cikinsa kuwa akan ware wani ɗan zubi dabam domin rashin lafiya da mutuwa da gobara, ba a haɗa shi da kuɗin rance. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta tarayya ta 1993 ma ta ce ƙungiya mai rajista ta riƙa ware aƙalla rubu'in ribarta a asusun tanadi. Da yawa cikinmu ba ma yi. Game da narkewar kuɗi da samari suka faɗa, maganinta shi ne kada a tara fiye da abin da zai kai mutum biyu ko uku asibiti. Abin da ya haura, a mai da shi tumaki ko awaki a hannun 'yan ƙungiya.

Sai ta uku, izinin banki, ga ƙungiyar da ta yi rajista, take da littattafan lissafi a rubuce, take kuma saye da sayar da riɗi ko zoɓo ko taki har kuɗi suna shiga asusunta a watanni da yawa na shekara. Ƙaramar ƙungiya mai mutum goma sha biyar wadda ba ta da kasuwanci sai zubi, ba ta bukatarsa, bankin ma da wuya ya ba ta. Wadda za ta karɓa, kada ta karɓi iyakar da banki ya yi tayi don kawai an yi tayi. Ta duba littafinta, ta ga abin da ya shigo a shekarar da ta fi muni cikin shekaru biyar da suka wuce, ta nemi iyakar da za ta iya biya ko a irin wannan shekara. In dubu ɗari biyar ne, to, dubu ɗari biyar. Babban taro ne zai yarda, ba kwamiti kaɗai ba, a kuma rubuta a littafin taro abubuwan da za a iya zarcewa dominsu da waɗanda ba za a iya ba. Mu a ganinmu, gini da biki da aron mutum ɗaya ba su shiga. Masu sa hannu uku, kada biyu su fito daga gida ɗaya. Duk abin da aka zarce a mayar cikin kwana 90. Kowane wata magatakarda ya karanta takardar lissafin banki da ƙarfi a gaban kowa, ko an zarce ko ba a zarce ba, domin a ga kuɗaɗen da banki ya cire.

Kafin sa hannu, ku karɓi takardar tayin ku tafi da ita gida. Ma'aikacin kirki ba zai hana ku ba. Wanda ya ce sai yau, ku gode masa ku tashi. Ku nemi a nuna muku da yatsa inda aka rubuta ruwa, da ladan da ake biya ko ba a taɓa ba, da ranar da izinin zai ƙare, da layin da ya ba banki ikon sokewa, da sunayen waɗanda za a bi in an kasa. Takardun da Turanci ake rubuta su, da ƙananan baƙaƙe. Duk ƙungiyar da aka ba irin wannan takarda, magatakarda ya zo da ita taronmu na gaba a Ɗanzomo, tare da littafin shiga da fitar kuɗi na shekara biyu, za mu zauna mu fassara ta layi layi kafin lokacin sayen taki.